Bishiyoyin da Na Tumɓuke a Gonar Aro

Ku da kuke zaune kan babura kuna cewa huɗa ba sana'a ba ce, wai shanu ne ke yin aikin, mai garma bin su kawai yake yi, to ku matso ku ji. Jiya ma a teburin mai shayi na ji wani a cikinku yana faɗa, waya a hannu, alhali ko kunya ɗaya bai taɓa miƙarwa ba tunda uwarsa ta haife shi. Ni ne Idi, a ƙauyenmu nan ƙasar Gagarawa Idi Mai Shanu ake ce mini. Tun gemu bai fito mini ba nake bin garma, yau ga shi ya yi fari fat. Ban gaji gona ba. Ubana ɗan ƙodago ne, da ya rasu fartanya da lauje ya bar mini. Duk abin da na ci, duk abin da na ciyar da iyalina, daga gonakin mutane ya fito.

A wajen Baffa Ori na koya, wani Bafulatani da ya zauna a hanyar Sule Tankarkar ya haɗa noma da kiwo. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, bai bar ni na taɓa garma ba. Aikina yankan haki, jiƙa dusa da kanwa, cire kaska, sai jan igiya a gaban shanu, ƙafata tana nutsewa a rairayi. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Kai Idi, me sa na dama ya ci jiya da yamma?" In na yi inda-inda sai ya ce in koma kan igiyata. Ranar da ya fara ba ni garma, a gonar gyaɗar wani mutum, na yi kunya ta tafi tana lanƙwasa kamar maciji. Bai zage ni ba. Fartanya ya miƙo mini ya ce in baje ta da hannu, daga wannan kai zuwa wancan, mai gona yana tsaye yana kallo. Na baje ta, sannan ya sake ba ni garmar.

Ku kuna ganin ƙarfe ne da shanu biyu, shi ke nan. To ƙasarmu jigawa ce. In ka danna garma ta nutse da yawa, mataccen yashi za ka tono ka ɗora a kan shukar mutum, kuma kafin hantsi shanunka sun sa harshe waje. In ka ɗaga ta tana shawagi a sama, ruwa ɗaya mai ƙarfi zai shafe kunyar kamar ba a yi ba. Kunnuwan garma kana buɗe su ko ka tsuke su gwargwadon abin da za a shuka, faɗin kunyar riɗi daban, na wake daban. Bakinta yashi ke cinye shi, in ba ka kai wa maƙeri a kan kari ba sai ka yini kana jan ƙarfe a banza. Karkiya in an sassaƙa ta da kaushi, ta ci wuyan sa, to ka yi asarar sati a tsakiyar damina, kuma a sana'ar nan satin damina shi ne shekara. Sa na dama ba ya komawa hagu. Ka sauya musu wuri ka gani, za su tsaya su zuba maka ido. Sannan sai ka karanta gonar kafin ka shiga, ka ga ta inda ruwa ke gudu, ka gitta masa kunya. Wanda ya bi ruwa da kunyarsa, ya yi wa mai gona kwalbati ne, ba huɗa ba.

Masu gona kuwa, Allah ya ba ku haƙuri da su. Kowa so yake a yi masa a safiyar da ruwa ya sauka. Ka fito daga masallaci da asuba ka tarar da mutane a ƙofar gidanka, wannan ya ce surukinka ne, wancan ya ce tare aka yi muku kaciya. Akwai mai biya nan take, akwai mai cewa sai kaka, akwai gwauruwar da harawar wakenta ce ladanka, kuma ita ce ba ta taɓa saɓawa ba. Ni dai layi nake bi. Wanda ya riga faɗa shi zan riga yi wa, ko da mai babbar riga ne a bayansa.

Wata huɗa da na yi wa Malam Hassan ita ta sa na samu gona. Dattijo ne mai gonaki, ɗansa ɗaya namiji, Sabo, yana karatu a Kano. Lokacin na sayi shanuna na farko a kasuwar Maigatari, ban daɗe da aure ba. Na gama masa aiki muna zaune a gindin gawo muna shan fura, sai ya nuna mini wani fili a ƙarshen gonakinsa, fari tas, ba komai a ciki sai tumfafiya da ƙuduji.

Ya ce, "Idi, wancan ya fi ƙarfina. In za ka iya da shi, ka noma, aro na ba ka."

Na ce, "Malam, na gode, Allah ya saka."

Ya ce, "Ka san ƙa'ida dai."

Na ce na sani. Wa bai sani ba? Gonar aro ka noma ta, ka zuba mata taki, ka ci abin da ta ba ka. In an yi girbi ka ɗauki dami ka kai gidan mai ita, ba haya ba ce, shaida ce cewa ka san ba taka ba ce. Amma ba ka haƙa rijiya, ba ka gini, kuma ba ka dasa itace. Itace yana daɗewa fiye da mutum. Wanda ya dasa a gonar aro, ya fara cewa tasa ce ke nan, kuma gari zai ɗauke shi maci amana.

Wannan fili da amalanke na raya shi. Duk rani ina kwashe takin shanuna da sharar gida ina kaiwa, ina tsibawa, ina bajewa. Na roƙi makiyaya su kwana da garkensu a ciki, ina ba su kara. Sannu a hankali ƙasar ta yi duhu, ƙuduji ya ja baya, gero ya fara fin tsayina. Sai dai takin gida yana zuwa da baƙi. A cikin shara akwai ƙwallon mangwaro, akwai 'ya'yan darbejiya, akwai na dabino da yara suka tsotse suka yar. Ruwa na sauka sai su tsiro, kore shar, su kaɗai ba wanda ya dasa. Duk shekara kafin in sa garma sai in bi gonar ina tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, in watsar a kan iyaka inda kowa zai gani. Akwai mangwaron da ya ɓuya mini a cikin dawa har ya kai gwiwata, sai da gatari na cire shi.

Wata shekara matata Hanne ta kafa sandunan zogale a gefen gonar, don miya. Na je na tarar har sun yi toho. Na cire su na ɗauro a amalanke na kawo mata gida.

Ta ce, "Malam, zogale ne fa! Zogale ma itace ne?"

Na ce, "Yana da saiwa ko ba shi da ita?"

Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Ni kuwa a lokacin gani nake na yi abin da ɗan halak zai yi.

Maƙwabcin gonata shi ne Ɗanjuma, shi ma ɗan aro ne kamar ni, a gonar wani mutum daban. Shi bai san wannan kunyar ba. Darbejiya ya jera a kan iyaka, ya dasa mangwaro, har rijiya ya fara haƙawa. Mai gonar ya kai shi gaban dagaci ba sau ɗaya ba, a yi masa faɗa ya sunkuyar da kai, gobe ka gan shi da tulu yana ban ruwa. Mutane suka daina ba shi aron ko jaki. In ana so a tsawata wa yaro a kan amana sai a ce kada ka zama Ɗanjuma. Ni kaina na daina yi masa huɗa.

Sai shekarar da kamfani ya zo. Da rani muka fara ganin motoci a cikin gonaki, da wasu mutane masu wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa ta ciki. Bayansu aka kafa turakun siminti. Aka tara masu gonaki a ƙofar dagaci aka ce musu daga sama aka ba wani babban kamfani wannan yanki, zai yi noman zamani, za a biya diyya, za a ɗauki 'ya'yansu aiki. Wasu suka karɓa, wasu suka ƙi har aka gaji da su aka wuce. Mu kuwa 'yan aro da 'yan ƙodago ko kiranmu ba a yi ba. Na je da ƙafata na tsaya a bayan taro, wani ya ce mini, "Idi, kai me ya kawo ka, kana da gona ne?"

Malam Hassan ya riga ya rasu a lokacin. Sabo ne ya zo daga Kano ya karɓi abin da aka ba shi, kuma ban ga laifinsa ba, gadonsa ne. Katafila ta shigo ta shafe kunyoyin da na yi shekara da shekaru ina miƙarwa, nawa da na mutane. Aka haƙa rami mai zurfi aka kewaye wurin, aka toshe burtalin da shanu ke bi. Manyan itatuwa kawai aka bari a tsaye, wai sai an gama lissafinsu. Ruwan farko ya sauka a shekarar, na fito daga masallaci da asuba, ba kowa a ƙofar gidana. Gonakin da nake yi wa huɗa kusan duk suna cikin wurin da aka kewaye. Ba harawa, ba kara, ba inda zan yanko haki. Shanuna suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Aikin da aka yi alkawari kuwa, 'yan samari kaɗan aka ɗauka gadi, suna gadin gonakin iyayensu kada iyayen su shiga.

Ba mu zauna ba, kada ku ce mun zauna. Mu marasa gona muka haɗa kanmu, maza da matan da ke roron wake da tsinkar zoɓorodo. Muka je wajen dagaci ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Muka je wajen hakimi aka ce mu yi haƙuri. Muka cika motoci muka je sakatariya, muka yini a rana, aka fito aka ce an ji kokenmu. Da muka ga jin ba ya ƙarewa, sai muka ɗaura shanu muka jera amalankai a kan hanyar da motocin kamfani ke shiga, muka zauna a kai. Aka zo aka kwashi wasunmu, har da ni, aka rufe mu a Gumel, sai da wasu masu kare haƙƙin manoma suka zo daga Dutse suka fito da mu. Muna fitowa muka koma kan amalankanmu. Daga ƙarshe aka ce an kafa kwamiti, kamfani zai saki wani yanki a gefe, a yanka wa 'yan aron da suka daɗe suna raya ƙasar. Sharaɗi ɗaya ne: ka nuna alamar zamanka a gonar, kuma a samu mai shaida.

Ranar mutane sun yi murna, mata har da guɗa. Ni ma na yi. Na ce in dai daɗewa ce da raya ƙasa, ai duk yankin nan ba wanda zai shiga gabana.

Ranar da kwamiti ya zo zagaye, da hantsi muka tsallaka ramin muka shiga. Wurin ya zama fili ɗaya fetal, ba kunya ba iyaka, sai itatuwa jefi-jefi. Aka fara da Ɗanjuma. Ya tafi kai tsaye ya dafa darbejiyarsa, ya nuna mangwaronsa da suka yi rassa, ya nuna bakin rijiyarsa. Mai gonar da kansa, cikin fushi, ya ce, "Shi ya dasa su, kuma sau nawa ina kai shi ƙara a kansu!" Shugaban kwamiti ya gyaɗa kai ya ce shaida ta yi, Ɗanjuma ya samu.

Aka zo kaina. Na tsaya a tsakiyar inda na san gonata take, na ce su dubi ƙasar, su dubi yadda ta fi ta gefenta duhu. Na duƙa na ɗebo na nuna musu.

Shugaban ya ce, "Baba, ƙasa ai ƙasa ce. Ba ka dasa komai ba? Ko itace ɗaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gonar aro ce."

Ya ce, "Mun sani. Shi ya sa muke tambaya. Duk shekarun nan da kake faɗa, ba ka bar komai a tsaye ba?"

Sai Sabo ya matso. Ni na aika masa ya zo ya yi mini shaida, kuma ya baro aikinsa ya zo, Allah ya saka masa. Ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ni zan faɗi gaskiya a kan Baba Idi. Mahaifina har ya rasu yana cewa bai taɓa ganin mai amana irinsa ba. Ko tsinke bai taɓa kafawa a gonar nan ba. Abin da ya tsiro da kansa ma cirewa yake. Kuma duk kaka sai ya kawo mana dami, don kowa ya san ba tasa ba ce."

Dattawan da ke wurin suka ce ƙwarai, haka ne, Idi ba ya cin amana. Kowa yana yabona. Shugaban ya saurara har suka gama, sannan ya ce to ai magana ta fito, mutumin da duk shekara yake shaida wa gari cewa ba shi da komai a wurin, su ba za su ce yana da shi ba. Ya ce in yi haƙuri. Suka wuce gaba, Sabo ya tsaya riƙe da hula yana kallona, bai ma gane abin da ya faru ba sai da ya ga fuskata. Baƙin cikin da na ji a ranar ban ji irinsa ba ko ranar da aka rufe mu. A cikinmu duka, waɗanda suka samu fili su ne waɗanda gari ke zagi. Masu kunya muka komo hannu rabbana.

Abin da ya biyo baya shi ya fi katafila ɓarna. Labari ya bazu har ƙauyukan da kamfani bai kai ba. Duk mai gonar aro ya nemo dashe ya kafa, don ba wanda ya san inda turakun siminti za su sauka gobe. Masu gonaki da suka gani, sai kowa ya karɓe gonarsa, gara ta zauna saura da a dasa masa rigima. Aron da kakanninmu suka rayu a kansa, a damina biyu ya mutu a ƙasar nan. Na sayar da sa ɗaya na ciyar da ɗayan, in aiki ya samu sai in haɗa da na wani.

Mutum ɗaya ne ya tuna da ni, Alhaji Sale, abokina tun muna jan igiya a gaban shanu. Yana da gonaki can wajen hanyar Maigatari. Shi ya zo har gida bara ya ce, "Idi, na hana kowa, amma kai ba kowa ba ne. Je ka noma ta gabas ɗin. Ba sai na ce maka komai ba."

Ɗana Habu, magidanci ne da 'ya'yansa, shi ma ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, tare muka kai taki da rani. Ran da ruwa ya sauka na kora shanu na isa gonar, sai na tarar ya riga ni. Ya jera dashen darbejiya a tsakiyar gonar, layi guda, ledojin da ya ciro su suna yashe a gefe. Yana tsaye da laka a hannu.

Na ce, "Habu, mene ne wannan?"

Ya ce, "Baba, an ga masu abin leƙawan nan a bayan gonakin Alhaji. Ka cire in za ka cire. Amma ranar da kwamiti ya zo, me zan nuna musu, halinka?"

Na ɗaura karkiya na sa garma. Kunya ta farko, ta biyu, ina matsowa kusa da layin. Can sai ga Alhaji Sale a kan babur, ya zo yi mana barka da ruwa, har da goro a leda. Ya tsaya a kan iyaka, ya ga dashen, ya ga Habu, sai ya yi murmushi ya harɗe hannu, don ya san abin da Idi zai yi. Bakin garma yana tafiya daidai kan na farkon. Ba sai na duƙa ba ma, in na bar shanu suka miƙe, kunya ɗaya za ta kwashe su duka.

Na ja igiya, na karkata garma, na kewaye shi. Na kewaye na biyu. Haka na bi layin har ƙarshe, kunyar tana lanƙwasa, ban taɓa ko ganye ɗaya ba. Da na juyo da shanu, Alhaji ya sauko ya tako har inda nake.

Ya ce, "Idi, ba ka gan su ba ne?"

Na ce, "Na gan su, Alhaji."

Sai ya ajiye ledar goron a kan kunya ya ce, "In ka yi girbi ka bar mini gonata. Kada ka kawo dami."

Ya karɓe ta da kaka, ya sa aka tumɓuke su, kuma gaskiyarsa ce. Har yau sahu ɗaya muke sallah, in an sallame kowa ya nemi takalminsa. Bana ruwa ya sauka, irin gerona yana nan cikin buhu a bayan ƙofa, ban san inda zan zuba shi ba.